Takalmin Mansura

Uwarsu ta bugo waya daga Kano,
muryar na tsinkewa kamar tsohon zare:
"Baba, sati uku fa za su yi.
Ina za ka kai su? Ba lilo, ba gidan zu."
Na ce, turo su kawai, Hansatu,
ke a gidan wa kika girma?

Suka sauka Gujungu ran kasuwa,
yara uku, jaka huɗu.
Kamilu ya ɗaga waya sama yana neman sabis
kamar mai cigiyar akuya,
Nafi'u da giɓinsa,
sai auta Mansura da jan takalmin roba
mai ƙara tsuwit-tsuwit in ta taka.

Marka ce, ita kuwa ba ta san baƙo ba.
Kwana biyu sama na tsiyaya.
Na zaro kara daga tsohon danga,
muka ƙera mota a soro,
Nafi'u ya rantse ba za ta hau titi ba
sai an yi mata lamba.

Rana ta uku gari ya washe.
Na ɗaura wa shanu amalanke,
muka nufi fadama, muna tangal-tangal.
Gero ya fi ni tsawo, ya yi bununi.
Suka ga ƙadandoniya suka yi ihu,
suka ga buzuzu yana tura kayansa da baya,
Kamilu ya ce, wannan ai direban tirela ne.
Na gasa musu masara a gindin ɗinya,
suka ci har baki ya yi baƙi,
ban san na gawayi ba ne ko na ɗinyar.

A bakin tafki abin ya faru.
Furen bado ta gani, fari tas,
ta ce nata ne.
Taku ɗaya, taku biyu,
taɓo ya kama ƙafar hagu,
ya saki ƙafar, ya riƙe takalmin.

Kuka! Har balbelu suka tashi.
Kamilu ya ajiye wayar kan kututture,
ya zura hannu har kafaɗa,
ya fito da katantanwa, ya fito da tsohon gwangwani,
takalmi dai shiru.
Shi ya goyo ta har amalanke,
sai da muka kai gida ya tuna da wayar.
Ni na koma ɗauko ta, da tocila, kwaɗi na yi mini dariya.

Daga ranar ƙafa ba takalmi.
Ta koyi sanin ƙaya, ta koyi tsallake kashin shanu,
ta ci tumun farko tana hura yatsu.

Ran komawa ta miƙo mini na daman:
"Kaka, ajiye shi a bakin ƙofa,
kada ɗan'uwansa ya dawo bai tarar da kowa ba."

Muka yanke gero, muka cire gyaɗa,
na aika musu rabin buhu a motar Ɗanjuma.
Tafki ya ja baya, ya ja, ya tsage.
Masu tubali suka shiga da galma.

Jiya da la'asar Tasi'u magini ya yi sallama,
da wani abu a hannu, taɓo ya bushe a kai.
Na wanke shi da ruwan buta.
Jan ya koɗe, igiyar na nan.
Na danna da babban yatsa,
tsuwit!
Har kaji suka waiwayo.

Ga su nan a bakin ƙofa, su biyu.
Na san ƙafar ta fi ƙarfinsu yanzu,
wata bakwai ba wasa ba ne a ƙafar yaro.
Duk da haka na hau tudun bayan masallaci,
inda sabis yake tsayawa,
ina jiran Hansatu ta ɗauka.