Kwana Goma Sha Tara

Kwana goma sha tara suka rage
ranar da Ige ta damƙa mini kwasar adashinta,
ta ce, "Je ka biya. Kar in ƙara jin sai baɗi."
Na biya.
Kuɗin ba ya dawowa, ranar ba ta matsawa.

Ɗakina a Yelwa, bayan masu banda,
inda hayaƙin kifi ke shiga har cikin littafi.
Kwamfutar aro ce, gilashinta a tsage,
batirinta kan mutu kafin shayi ya huce.
In an ɗauke wuta, sai shagon Nomau mai caji,
in raɓe tsakanin wayoyin mutane,
janareta na tari a ƙeyata.

Littafin kaurinsa ya kai bulo.
Na yaga shi gida uku don ya daina ba ni tsoro.

Wai saƙo hawa bakwai yake sauka
kafin ya taka waya,
kowane hawa ya yafa masa riga,
can a ɗaya gefen a tuɓe su ɗaya bayan ɗaya.
Na haddace su a hanyar masallaci,
na dawo biyu sun zube.

Rabon adireshi shi ya sha ni.
Ɗari da ashirin da takwas, sittin da huɗu,
talatin da biyu, sha shida,
ina raba gari unguwa-unguwa
alhali ban taɓa ganin garin ba.
Gwajin farko: arba'in da ɗaya cikin ɗari.
Na kife na'urar, na fita bakin Kwara.

Baba Arzika na nan ƙarƙashin giginya,
taru a cinya, zare a haƙori.
Ya ce, "Mi kaka karatu haka, har ido ya faɗa?"
Na ce, yadda na'ura ke gano 'yar'uwarta, Baba,
ko da teku ne tsakaninsu.
Bai ɗago ba.
Ya ce, "In taru ya yage, ba a duban tarun duka.
Ƙulli guda za ka kama, ka bi zare
har ka kai inda ya saki."

Daren nan na bi zare.
Na fara daga waya, tun daga ƙasa:
fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi,
siraran jijiyoyi takwas, na jera, na datse,
na ɓata kai shida kafin ɗaya ya kama.
Na haɗa tawa da tsohuwar kwamfutar Nomau,
na aika sallama.
Shiru.
Na sake lamba ɗaya tak, na sake aikawa,
sai ga amsa, sau huɗu, babu wadda ta ɓata a hanya.
Na yi ihun da ya tada karen maƙwabta.

Hamsin da takwas.
Kashegari hamsin da biyar, ban faɗa wa kowa ba.
Bikin Manu ya wuce ban leƙa ba,
har yau gaisuwarsa a taƙaice take.
Saba'in da uku, ana saura kwana huɗu.
Akwai babi biyu da ban buɗe ba,
kuma na san ba zan buɗe su ba.

Yau saura kwana ɗaya.
Ige ta goge mini riga ba ta ce komai ba,
shirunta ya fi littafin nauyi.
Na sa katin shaida a aljihu, na taɓa, na sake taɓawa.
Motar asuba ba ta jiran mai bita.

A waje Baba na naɗe taru cikin duhu,
hannunsa ya san kowane ƙulli ba fitila.
Ni ma na kashe tawa,
na kwanta ina ƙirga a yatsu:
takwas, huɗu, biyu,
ɗaya.