Awon Haske

Alhaji Asumana ya ce kamararsa makauniya ce.
Jikka tamanin ya biya, in ji shi,
ga albasa na raguwa a buhu
kamar ruwan tabki da bazara.

Na jingina tsani a bangon sito,
bayan tashar Tawa, inda manyan motoci
ke jiran lodi zuwa Abijan.
Na goge mata ido da gefen rigata,
na sauko, na buɗe kwamfuta a kan buhu,
rezo ya kama, ta ba ni ƙofa.

Ba makauniya ba ce, Alhaji.
An ƙera ta a ƙasar da rana ke da kunya.
Nan kuwa, da azahar,
duk wanda ya shigo daga titi
baƙin gungume ne, ba hanci ba baki,
rana ta tsaya bayansa ta cinye shi.
Na buɗe mata ido kaɗan:
fuska ta fito, har da tsagar kumatu,
amma titi ya ƙone fari fat,
mota da jaki da mai tallan ruwa
duk sun narke kamar kanwa a tukunya.
Na rage. Titi ya dawo, mutum ya tafi.
Haske ma da tiya ake awonsa,
in ka cika wa wannan, ka tauye wancan.

Dare ya fi wuya.
Arzika mai gadi ya hura gawayi,
ya miƙo mini shayin farko, mai ɗaci,
ya ce wata uku ke nan bai ga albashi ba.
Yana dariya ya faɗa, kamar labarin wani.

In na bar idon ya daɗe kafin ya ƙifta,
mai wucewa sai ya zama hayaƙi,
ƙafa shida, ba kai.
In na gaggauta ƙiftawar, duhu ya rufe.
In na ƙara mata ƙarfi da tilas,
allon ya cika da tsaki
kamar an watsa gero a faranti.
Ɗaya bisa hamsin. Ɗaya bisa ashirin da biyar.
Na tsaya nan. Na karkata fitilar ƙofa kaɗan,
kyanwa ta gitta, na ƙirga gashin bakinta.
Na tafi gida ina jin kaina gwani.

Da safe na dawo duba abin da ta kwana gani.
Ƙarfe uku da minti goma sha ɗaya,
hannu ya kwance bakin buhu.
Ba ya sauri.
Yana latsa kowace da babban yatsa,
mai ƙarfi ya mayar,
wadda ta fara laushi, wadda jibi za a zubar bayan sito,
ita ya sa a aljihu.
Huɗu.
Ya ɗaure buhun yadda ya same shi,
sannan ya ɗaga kai.
Aikina ya yi kyau, wallahi:
furfurar gemu, giɓin haƙori,
har tabon gawayi a yatsan da ya riƙe mini kofi.

Huɗu ba sa ramar da buhu.
Sauran zafi ne ke sha, kowane ɗan dako ya sani,
amma zafi ba shi da fuskar da za a kai komisariya.

Alhaji na waje, waya a kunne, yana ciniki da Abijan.
Ya leƙo: To, mai gyara, ta fara gani?
Ɗan layin yana ƙarƙashin yatsana.
Taki biyu zuwa hagu, daren yau ya koma dare.
Na jiya kuwa yana nan a ajiye,
da ranarsa, da mintinsa,
kuma kuɗin aikina bai shigo aljihu ba tukuna.

Na ce, Alhaji, da saura kaɗan.

Arzika na naɗe tabarma a bakin ƙofa,
ya ɗaga mini hannu.
Rana ta fara hawa bayansa.