Ƙullin Safiyar Laraba

Bakwai saura kwata, yayyafi na lasar rufin Porto,
babana Anselmo na tsaye gaban madubi,
naktaye rataye a wuyansa, harsuna biyu ba magana.
Hannun nan da ya shekara talatin yana tuƙa taragon birni
yau maɓalli ma gagararsa yake.
Asibiti za mu, ba kotu ba, ba ɗaurin aure ba,
amma ya ce likita ma mutum ne,
ba a zuwa gaban mutum da wuya a sake.

"Zo, Ilda. Yau ke ce yatsuna."

Na ce, "Wane iri?"
Ashe tambayar da nauyi.
Ya ce ƙulli uku ya sani a duniya,
kowane da mai shi.

Akwai siriri, ɗan karkatacce,
wanda wansa Custodio ya koya masa a bakin kogi
ranar da zai je neman aiki da aron riga:
zagaye, zagaye, ka zura, ka ja, ka kama hanya.
Ba ya cin ƙyalle, ba ya cin lokaci,
ƙullin mai sauri ne, wanda shayinsa ke hucewa.

Akwai babba, mai kusurwa uku, mai faɗin ƙirji,
na shekarun da aka ba shi kujera a ofis.
Ya ce wannan yana cinye tsawon naktaye
kamar yadda muƙami ke cinye kwanakin mutum,
ka fito da kwarjini, ka dawo da ciwon wuya.

Sai ya yi shiru. Tantabara ta sauka a taga ta tashi.

Na ukun na Graciete ne, uwata,
tsaka-tsaki, bai cika baki ba, bai rame ba,
ta kan bar ɗan lotsi a ƙarƙashinsa da babban yatsa
kamar sa hannu a ƙasan wasiƙa.

Na fara da babban, don in burge likita.
Harshen ya tsaya can sama da cibiya,
babana ya dube shi, ya yi dariya har da tari:
"Kin mai da ni ɗan makaranta a rigar bara."

Na warware. Na ce to, na Mama.
Na ɗora, na zagaya, na kai rabi,
na tsaya ina jira ya faɗa min saura.
Ya buɗe baki, ya rufe.
Shekara arba'in da ɗaya tana ɗaure masa kowace Lahadi,
bai san juyin ƙarshe ba.
"Ai ba hannunta nake kallo ba," in ji shi.

Agogon bango ya ci gaba da aikinsa.
Na goge hancina da bayan hannu.

Muka koma kan na Custodio.
Shi da baki, ni da yatsu,
zagaye, zagaye, zura, ja.
Ya fito ya jingina hagu kamar mai sauraron gulma.
Na kai hannu zan miƙe shi,
ya ce, "Bar shi. Da shi aka ɗauke ni aiki."

Mun haye gada, kogin Douro launin toka a ƙasa.
A ɗakin gwaji nas ta ce a buɗe ƙirji.
Bai warware ba. Ya sassauta kaɗan,
ya zare ta ka, a hankali, kunne ɗaya sannan ɗaya,
ya miƙo min zoben da ƙullinsa a ciki, da ɗumin wuyansa.

"Riƙe min haka, kar ki kwance.
Ranar Juma'a ma akwai zuwa."