Wanne Za a Bari?

Nomau ya shigo da takardar likita
a ninke huɗu, ta sha zufar aljihu.
Layi uku. Na duba, na lissafa:
jikka goma sha huɗu.
Bai ce uffan ba.
Ya kwance bakin rawani, ya zazzage bisa kanta
kuɗin albasar da ya sayar da safe,
har yanzu da warin gona a jikinsu.
Jikka shida.

"Ɗiyata, cikin ukun nan wanne za a bari?"

Shekara tara ina bayan gilashin nan a Bilbis.
Abin da aka koya mini
karanta rubutun likita ne da jera kwalaye.
Ba wanda ya ce ni zan riƙa yi wa cuta rabo,
in ce wa hawan jini bismilla,
in ce wa ciwon sukari ya jira kasuwar Lahadi.

Kwalin nan ya hau jirgin ruwa,
ya kwana sito, ya kwana hannun dillali,
kowa ya taɓa sai ya lashi yatsa.
Kafin ya iso Tawa ya yi taiɓa,
ƙwayar da ke ciki kuwa tana nan yadda take.
An ce akwai takardar farashi a Yamai,
mai hatimi, mai sa hannu.
Allah ya kawo ta.
Ni dai ban taɓa ganin ta tsaya
tsakanin dattijo da kanta ba.

A bakin ƙofa Arzika na jira da tire a ka,
ƙwayoyi ja da ruwan ɗorawa
suna shan rana tun hantsi,
ba suna, ba ranar lalacewa, dala goma-goma.
Ran da ma'aikata suka kwashe hajarsa suka cinna wuta,
hayaƙi ya tashi, aka ɗauki hoto.
Kashegari ya sayo sabon tire.
Ba wanda ya leƙo ya tambaye ni
me ke fid da mutane daga nan zuwa can.

Na ɗauko mai farin kwali, mai rangwame,
na sa almakashi na yanko masa na kwana goma.
Ya ce na Tsahara ne, uwar 'ya'yansa,
zai riƙa raba mata ƙwaya biyu ta kai wata.
Na ce, Baba, kada.
Ya yi murmushin wanda ya san
mai cewa kada ba shi ke biya ba.

Da dare na koma gida.
Ƙarƙashin fitila na iske Inna a tabarma,
ta juya mini baya,
reza a hannu, tana auna tsakiyar ƙwaya.
Ni na kawo mata kwalin ran ɗaya ga wata.
Yau ashirin da takwas,
bai kai rabi ba.