Jan Biro a Damagaram

Na sauka tasha da azahar,
jaka ɗaya, wasiƙar kwalejinmu daga Zariya,
da 'yar takarda a aljihun gaba:
Birni, duwatsu, majema, kasuwar Dole,
na jera su kamar mai bin bashi.
Mako goma aka ba ni koyon koyarwa,
ba a ware mini nawa daga na aji ba.

Ran Litinin suka miƙe, su saba'in da uku,
suka ce "Mushe".
A garinmu abincin ungulu ke nan.
Na haɗiye dariya, na ɗauki alli.
Ingilishi na kawo, Faransanci na tarar,
in rigima ta kaure tsakaninsu
Hausa ke shigowa sulhu ta taga, a sace,
don Mushe Lawali na can kujerar baya
yana rubuta ni, bai taɓa ɗaga kai ba.

Alhamis ake cin kasuwa.
Alhamis ɗin nake da aji huɗu.
Ina jin kabu-kabu na wucewa da fatu,
ina kan allo ina raba jiya da gobe,
har kasuwa ta watse ban taya ko wuƙa ba.

Da dare wuta ta ɗauke.
Fitilar waya a haƙora, littattafai a cinya,
mai ga-ruwa bai zo ba tun shekaranjiya.
Inna ta kira: "Ka ga gidan sarkin?"
Na ce na ga bayansa daga kan babur.
Ta ce to, ba wannan na tambaye ka ba.

Wata Asabar na yi ƙundumbala,
na bar aiki, na shiga lungunan Birni ni kaɗai.
Bango ya miƙa ni ga bango,
sau uku ina gaida tsoho guda a zaure guda,
na ukun ya ce, "Baƙo, ko ka zauna?"
Na dawo da ƙishirwa da hoto biyu,
Litinin kuwa ta same ni tsirara gaban allo.
Mushe Lawali ya rubuta shafi guda cur,
ban nemi ya karanta mini ba.

Sai na ba su jinga: kowa ya siffanta gidansu.
Falmata ta rubuta bangon da kakanta ya zana,
da shuɗin da ake sabuntawa bayan damina.
Haladu ya ce dutsen bayan ɗakinsu
ya fi ɗakin girma, awaki na kwana a inuwarsa.
Tasi'u, wanda bai taɓa buɗe baki ba,
ya cika shafi da warin bagaruwa
da hannun ubansa da jima ta rina.
Kuskure ko'ina, kamar tsakuwa a gero.
Jan birona ya tsaya a sama,
ban san inda zan fara taɓawa ba.

Asabar ta gaba na haɗa biyun:
na ɗauki littattafan na hau dutse.
Can Haladu ya hango ni, ya kira Tasi'u,
suka sa ni gaba kamar ɗan aji ɗaya.
"Ba nan ba, Mushe, nan." "Sunkuya, ƙofar gajera ce."
Na ce zanko, suka gyara mini ƙirga,
na taya alabe dala ɗari, suka riƙe baki don kunya.
Uwar Falmata ta aiko da alkaki a faranti,
ta hana ni tashi ban cinye ba.

Yau saura kwana shida.
Takardar aljihu ta sha zufa, rabi ba a soke ba.
A wayata hoton allo ya fi na gari yawa.
Mushe Lawali ya ɗaga kai jiya, sau ɗaya,
ya ce in rage gudu in ina magana.
Kasuwar Dole kuma, har yanzu,
ban je ba.