Mai Tsaron Raga

A gidan kallon Bolari, daren Talata,
janareto na tari, fanka ta gaji da juyi,
ana hutun rabin lokaci aka sako labari:
wani ɗan ƙwallo, can ƙasashen sanyi,
ya zauna gaban 'yan jarida, hannunsa na rawa,
ya ce namiji yake so, ya gaji da ɓoyewa.

Ɗakin ya ɗauki a'uzubillahi.
Wani ya tofar, wani ya jefi allon da ɓawon gyaɗa.
Babayo, da ke tsare min baya shekara shida,
ya dafa kafaɗata yana ƙyaƙyata:
"Gola, da a ƙungiyarmu yake fa?"
Ni ma na yi dariyar.
Ta sauka a maƙogwarona kamar ruwan maɗaci.

Ni sana'ata kamawa ce.
A filin Pantami suna kirana Katanga,
kuma ba su yi ƙarya ba:
ba wanda ya taɓa leƙa abin da ke bayanta.
Na kama ƙwallon da ta tsaga min ɗan yatsa,
na kama wadda ta zo da ruwan Agusta,
amma wadda na fi daɗewa riƙe da ita
kalma ce, a ƙarƙashin harshe.

Akwai wani tela a Jekadafari,
Bappari, mai tabo a gira.
Shi ke ɗinke min safar hannu in ta yage.
A cikin babban yatsa, inda ido ba ya kai,
yakan bar min ɗinki uku da koren zare.
Ba ya zuwa fili.
Rediyo yake kunnawa, ya tsai da keken ɗinki
duk sa'ad da aka ambaci sunana.

Inna ta bugo daga Kumo:
"Sa'o'inka duk sun aje iyali."
Na ce sai an gama kakar wasa.
Kaka takwas ke nan ba ta ƙare ba.

Wancan na cikin allo, in ya tashi daga kujera
gida zai koma, ko da zagi a bayansa.
Ni in na buɗe baki, na san wa zai ƙwanƙwasa ƙofa,
na san wanda zai fasa ba ni hannu bayan sallama.

Jiya bayan atisaye na tsaya kwance raga.
Kowa ya watse, sai balbela biyu a tsakiyar fili.
Na faɗa wa turken hagu, a hankali, sau ɗaya.
Bai faɗi ba.
Ƙasa ma ba ta tsage ba.

Asabar muna da wasa.
In aka busa fenareti,
dubban mutane za su riƙe numfashi tare da ni,
ni kuwa in matse koren zaren nan
in zaɓi gefen da zan faɗi.