Tsakanin Jiƙa da Bushewa

Ƙarfe huɗu a Bauru, ruwa na dukan kwano,
Odair ya kishingiɗa a kujerata,
hannuwa biyu a ƙirji, siminti ya cinye su.
Shekara arba'in yana yaɓen gidajen mutane,
yau turminsa na hagu ne ke rushewa.

Na huda, na kwashe ruɓar, na wuce farin ɓawo.
Ɓawo ba ya ba ni wahala, busasshen dutse ne,
ka karce shi, gam ya kama, shi ke nan.
Na ƙarƙashinsa ne mai rai, dantin,
rawaya-rawaya, kullum cikin tsattsafo,
ramuka dubbai da ido ba ya gani
suna jawo ruwa daga wajen jijiya.
Wa ya taɓa liƙa takarda a bakin marmaro?

Garin da injina ya bari ya toshe ko'ina.
Na shafa asid, shuɗi kamar bula,
na ƙirga goma sha biyar a zuci, ban ƙara ba.
Na wanke. Ma'adinin sama ya narke ya bi ruwa,
ya bar zaruruwa tsirara, saƙa ba masaƙi,
laima kaɗai ke riƙe su a tsaye.

Nan ne gabana ke faɗuwa kullum.
In na busar da yawa, saƙar ta kwanta,
ta dunƙule kamar audugar da aka taka,
gam ya zo ya rasa ƙofa.
In na bar ruwa ya taru, ya tsinka shi,
ya zama kunun da ba ya ɗaurewa.
Damshi nake nema, ɗan sheƙi, ba tafki ba.

Ruwan farko da nake gogawa ɗan aike ne,
baki biyu gare shi amma ba munafuki ba:
ɗaya na gaisawa da ruwa, ɗaya da ƙaro.
Ya kutsa tsakanin zare da zare,
ya zura saiwoyi cikin ramukan.
Na hura iska a hankali,
na haska shuɗiyar fitila, ya daskare.
Wurin yanzu ba haƙori ba ne, ba gam ba ne,
sun shiga juna har ba mai raba su,
silin gashi ya fi shi kauri sau goma,
a kansa kuma mutum zai tauna gyaɗa.

Da na zare audugar bakinsa ya ce,
“Dakta Valdirene, me kike ta leƙe haka?”
Na gaya masa. Ya yi dariya da rabin leɓe,
ɗaya rabin allura ba ta sake shi ba.
“Ai ni ma sai na yayyafa wa bango ruwa.
Busasshe ya shanye yaɓe, ya tofar,
jiƙaƙƙe sharkaf kuma ya zame.
Ashe jami'a kika je don wannan?”

Ban ɓoye masa sauran ba:
zaren da gam bai lulluɓe ba
jiki da kansa ke cin sa a ɓoye,
shekara takwas, goma, wataƙila ya saki.

Ya taɓa wurin da harshe, ya ɗauki hularsa.
“Ba bangon da na yi da bai tsage ba,” in ji shi,
“amma cikinsu aka yaye yara.”
Ya fita ba lema.
Na tsaya ina kallon kwalta a bayansa,
ba ta bushe ba, ba ta cika ba,
tana ɗan sheƙi.